Babi Na Biyar: Riƙon Sitiyari Inda Kwalta Ta Ƙare

Potiskum gari ne na direbobi. Wanda ya shigo ta hanyar Azare ko ta Damaturu, tun kafin ya hango kasuwa zai fara cin karo da tireloli jere a bakin titi, da garejoji, da rumfunan masu faci, da yaran mota suna barci a inuwar bodi. Babban titin Kano zuwa Maiduguri ta cikinsa ya ratsa, na Bauchi ya zo ta Darazo da Kari ya haɗe, wani ya yi kudu ta Fika da Ngalda ya nufi Ashaka da Gombe, wani kuma ya yi arewa ta Jakusko har Gashuwa. Sai dai shanun da ke cika kara ranar kasuwa, da gero da wake da riɗi da ake loda wa tireloli, ba a bakin kwalta suka samu ba. Kafin babbar mota ta ɗauki buhu ta yi Legas ko Fatakwal da shi, sai da wata a-kori-kura ta ɗauko shi daga ƙauyen da babu ko burji, ta bi labi, ta keta jigawa, ta tsallake rafi. Wannan tuƙin na farko shi ne mai wuya, kuma shi ne wanda ba a koyarwa a makaranta.

A babin baya mun tsaya a kan giya da totur, yanzu sai hannu. A kan kwalta direba ne kaɗai ke juya sitiyari. Da zarar ƙafar mota ta sauka ƙasa kuwa, sun zama su biyu, shi da hanya, kuma hanya ta fi shi ƙarfi.

Dalilin a cikin ƙirar motar yake. Ƙarafan da ke kai saƙon hannunka zuwa ƙafa, su ne dai ke dawo maka da duk abin da ƙafa ta gamu da shi. Sanda ta sauka daga sitiyari zuwa akwatinsa, daga akwatin tayarod ya miƙa ya kama ƙafafun gaba. A yawancin motoci sai ka murza sitiyari digiri 15 zuwa 20 kafin ƙafa ta karkata digiri 1, da haka ne hannun ɗan Adam yake iya juya ƙarfen da ya kai tan biyu. To, juya lissafin. Kana tafe a cikin rairayi, ƙafar dama ta daki kututturen kalgo da manomi ya sare bara, iska ta binne shi. In dukan ya ture ƙafar digiri 10 kacal, sitiyarin da ke hannunka ya yi kusan rabin zagaye, kuma kafin ka ƙifta ido ya gama.

Nan maganar babban yatsa ta shigo. Kusan kowane sitiyari yana da sanduna biyu, uku ko huɗu da suka haɗa kewayensa da tsakiyarsa. Wanda ya koyi mota a cikin gari yakan damƙi kewayen ya zura manyan yatsunsa ta ciki, sau da yawa ma ya ɗora su a kan sandunan don ya ji daɗin riƙo. Ranar da sitiyari ya fizga, sandar nan ce za ta zo a guje ta sami yatsan a inda ba shi da wurin gudu. Mai sa'a ya tsira da targaɗe, marar sa'a ya tafi wajen mai ɗori. Ka lura da hannun dattijon direban da ya yi zamanin Land Rover da manyan motocin Marsandi masu bodin katako, lokacin da babu fawa a sitiyari sai ƙarfin damtse. Yatsu huɗu sun zagaya ta bayan kewayen, babban yatsa yana kwance a kan fuskarsa, a waje, yana bin tsawonsa. Ko a kan kwalta haka yake riƙewa, don hannun ya riga ya saba. In hanya ta fizgi sitiyari, za ka ga ya sulale a cikin tafinsa, ya bar shi ya huce, ya sake kamawa, bakinsa bai ma yanke hirar da yake yi ba.

Fawa ta rage wannan duka ƙwarai, amma ba ta kashe shi ba, kuma ta zo da nata lahanin: ta haifar da direbobin da sitiyari bai taɓa mari ba, don haka ba sa shakkarsa. Hannu ɗaya a ƙoli, gwiwar ɗayan a taga. Ko a dafa shi da tafi ana mulmulawa, ko a zura hannu ta ciki a kamo shi ta ƙasa lokacin shan kwana. Wasu har ɗan ƙulli suke ɗaura masa don su riƙa juya shi da hannu guda. A tasha wannan gwaninta ce. A hanyar ƙauye neman rauni ne, domin ƙullin nan in ya zagayo, wuyan hannu yake nema.

Riƙon da ya dace ba shi da ado. A fuskar agogo, hannun hagu a kan 9, na dama a kan 3. In za ka karya, hannu ɗaya ya jawo ƙasa, ɗayan ya sulale ya tarye shi, ya karɓa ya tura sama, kowane ya tsaya a ɓangarensa. Ta haka ko yaushe akwai hannun da ke riƙe, kuma kana iya komowa nan take. A motocin zamani akwai ƙarin dalili: jakar iska a tsakiyar sitiyari take, in ta fashe hannunka yana gicciye a kanta, shi za ta jefa maka a fuska. Sai bel. Na san yadda direbobinmu suka ɗauki bel, abin da ake ratayawa in an hango jami'an kiyaye haɗurra. Amma a daji, inda babu jami'i ko ɗaya, nan ya fi amfani. Wanda bai ɗaure ba, in mota ta yi tsalle sitiyari yake kamawa don kada kansa ya bugi rufi, ke nan duk girgizar jikinsa ta koma tuƙi. Bel ne ke riƙe mutum, hannu ya samu sararin yin aikinsa. Kuma kada a maƙure sitiyari har jijiyoyin hannu su fito. Ta tafin hannu ake jin rairayi ya fara laushi, ko ƙafa ta hau dutse, ko gaba ya yi sakayau, kuma mai maƙurewa ya toshe wa kansa wannan labari.

Bayan riƙo sai sanin inda ƙafafunka suka kalla, wanda ke kama mutane fiye da yadda suke zato. Daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama sitiyarin a-kori-kura yana yin zagaye uku zuwa huɗu. Saboda haka tambarin Toyota yana iya tsayawa daidai a gabanka alhali ka yi zagaye guda cur, ƙafafu suna karye. A kwalta motar da kanta za ta gaya maka, don za ta bi inda ƙafa ta nuna. A taɓo ko rairayi mai zurfi ba za ta gaya maka ba: ƙafa tana kallon gabas, mota tana ta tafiya arewa.

Duk wanda ya bi motocin kasuwannin ƙauye ya ga wannan. Mota ta kafe, fasinjoji sun sauko, maza sun naɗe ƙafar wando sun dafa bodi, mata sun koma gindin aduwa da yara. Direba yana ta ba ta wuta, tayar baya tana feso ƙasa a ƙirjin masu turi, motar tana ƙara nutsewa. Sai yaron mota ya zagayo gaba ya duƙa ya leƙa, ya ɗaga murya: “Oga, ƙafarka a karye take! Miƙe ta!” Direba ya leƙo ta taga, ya warware zagaye guda, ya ce, “Yanzu fa?” “Ƙara kaɗan. Ya isa. To, bismilla, a hankali.” Sau da yawa turi ɗaya ya fitar da ita. Ƙarfin mutum goma da na inji duk suna ta faɗa ne da tudun ƙasar da ƙafafun gaba suka tara wa kansu.

Rairayi ke nan, babban malamin direban Yobe. Daga Jakusko ka yi arewa ƙasa tana ƙara laushi. In ka wuce Gashuwa ka shiga ƙasar Yusufari, ko ka yi wajen Yunusari, to ka shiga inda rairayi ke da iko, har ka kai tuddan Tulo-Tulowa kusa da iyakar Nijar. Tayar da ta miƙe hawa kan rairayi take tana danne shi, ta baya kuma ta bi sawun da ta gaba ta riga ta daddale mata. Tayar da aka karya sosai kuwa garma ce: gefenta take ba ƙasa, tana turawa tana tarawa, ga shi ta baya ta bar sawu ta shiga sabon rairayi. Sai ka ji inji ya yi nauyi, gudu ya mutu, direba ya ƙara karyawa don yana ganin motar ta ƙi juyawa, ƙafa ta ƙara nutsewa. Maganin ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. In ka karya mota ta ƙi bi, rage karyawar. Ɗan warware har taya ta koma birgima, a nan ne za ta kama ta juya.

Don haka kwanar rairayi tun daga nesa ake fara ta. Ido ya riga mota, ka zaɓi inda za ka bi tun kana da sarari, ka yi kwana mai faɗi ko da za ta ci maka fili. In juyowa za ka yi gaba ɗaya, nemi wuri mai tauri ko ɗan gangare, kada ka yi a tsakiyar laushi. In za ka tsaya, miƙe ƙafafu tukuna, ka saki totur ka bar rairayin ya tsayar da kai. Birki mai ƙarfi tudu yake tarawa a gaban kowace taya, kuma kai ne za ka hau shi in ka tashi tafiya. Tashi ma da ƙafa a miƙe ake yi, sai mota ta ɗauki gudu sannan a fara karyawa.

Rage iska yana da alaƙa da hannu fiye da yadda ake faɗa. Tayar da mai faci ya cika 35 ko 40 a ma'aunin iska saboda kwalta, a rairayi akan sauke ta zuwa wajen 18 ko 20, don ta baje sawunta ya ƙara tsawo. Dabarar tsohuwa ce. Ralph Bagnold, sojan Birtaniyan nan da ya riƙa ratsa hamadar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford a shekarun 1920 da 1930, wanda ya kafa rundunar sintirin hamada a 1940, yana cikin na farko-farkon da suka dogara da ita, kuma direbobin Agadas zuwa Dirku da ita suke aiki har gobe. Amma taya mai ƙarancin iska ba ta da ƙarfin riƙe bakin rim. Ka fizgi sitiyari kana gudu, sai gefen tayar ya lanƙwashe, bakinta ya fita, iska ta tsere gaba ɗaya, rim ya caki ƙasa. Motar da ke da lodi a sama daga nan sai kifewa. Wanda ya rage iska ya ɗauki alkawarin rage gudu da tausasa hannu.

Bagnold ɗin nan ne ya fitar da littafi a 1941 a kan yadda iska ke gina tudun rairayi. Ɓangaren da iska ke bugu ya fi tauri da sauƙin hawa. Bayansa, inda rairayi ke zubowa, yana tsayawa a gangaren wajen digiri 34, kuma sako-sako ne. Irin wannan tudu miƙe ake hawansa, miƙe ake sauka, da ƙaramar giya. In kana sauka baya ya fara zamewa yana neman zagayowa, ɗan totur ne ke miƙar da mota, birki ƙara zagayo da ita yake yi. In kuma ka hau ƙarfi ya ƙare kafin ƙoli, kada ka ce za ka juyo. Nan ne ake asarar rai. Motar da ta ba gangare gefenta, ƙafafunta na ƙasa sun nutse, na sama sun yi sakayau, saura ƙiris. Sa ribas, ka bi sawunka ka sauko da baya a miƙe, ka sake shiri. Ka kuma sani a ribas sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa kamar yadda yake yi in ana gaba, ƙara karyewa yake son yi, don haka riƙe shi da kyau, gyara kaɗan-kaɗan. In dole ta sa ka bi gefen gangare ka ji motar tana neman tashi, karya ka bi gangaren. Jiki zai ce maka ka gudu sama, kada ka saurare shi, karyawa sama ita ke ƙarasa kifar da mota.

Kudancin Potiskum wani karatu ne daban. Wajen Fika da Gadaka akwai duwatsu da kwazazzabai, akwai kuma laka mai kama ƙafa. In Agusta ta yi, tarakta da tifa sun bi hanya sun bar kwari biyu masu zurfi, motar da ta shiga sai ta bi su ko tana so ko ba ta so. A nan hanya ce ke tuƙi, kai rakiya kake yi. Sassauta riƙo ka bar ƙafafu su bi kwarin, amma ka san tsakiyar sitiyarinka, ka riƙa komawa gare ta. Wanda ke shiga uku shi ne wanda ya karya yana son fita, kwari ya hana, ya manta a karye yake. Inda kwarin ya ƙare taya ta sami abin kamawa, motar ta yi tsalle ta faɗa gonar mutane ko ta rungumi bishiya. In kana son fita, rage gudu, nemi inda bakin kwarin ya yi ƙasa, ka karya sau ɗaya da niyya, da ta hau ka miƙe. In kuwa zurfin ya fi ƙarfin tsayin motarka, tun farko kada ka shiga. Ɗora ƙafa ɗaya a tudun tsakiya, ɗaya a gefe, in ba haka ba cikinta zai zauna, ƙafafu su riƙa juyawa a banza.

A taɓo ne ake yarda da wasa da sitiyari. In ka ji ta fara rasa kamu, kaɗa shi hagu da dama da sauri, kwatan zagaye nan kwatan zagaye can, don haƙoran gefen taya su ciji bangon kwarin su sami abin ja. Rami ko kunyar gona kuwa a karkace ake tsallaka su, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yadda ko yaushe uku suna ƙasa. Mutane sukan rikita wannan da dokar tudu. Tudu a miƙe, rami a karkace.

Burji mai gargada yaudara gare shi. In ka ƙara gudu girgiza tana raguwa, gaskiya ne, amma don tayoyin sun koma tsalle daga ƙoli zuwa ƙoli ne, kuma tayar da ba ta zauna a ƙasa ba ba ta da kamun da za ta juya mota. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. In baya ya zame ya yi dama, karya dama daidai gwargwado, idonka a kan inda kake son zuwa, ka kuma warware da zarar ta kama, don in ka makara za ta watsa ka ɗaya ɓangaren.

Duk wannan lissafin mota marar kaya ne, motar kasuwa kuwa ba ta tafiya haka. Buhuna sun wuce bodi sun hau kan ƙofar baya da aka kwantar, mutane sun hau kan buhuna, awaki a tsakaninsu. Nauyin da ya koma bayan ƙafar baya ɗaga gaba yake yi, sai sitiyari ya yi sakayau, ka karya ta wuce miƙe. Nauyin da ya hau sama kuma shi ke kifar da mota a kwanar da da ba komai ba ce. Mai ɗaukar shanu matsalarsa ta fi, don kayansa masu rai ne: ya karya hagu su tafi dama gaba ɗaya, ya dawo su dawo a makare su ƙara masa. Irinsa sun fi kowa sanin sau ɗaya ake karyawa, a hankali, a jira kaya su zauna.

Akwai wani tuƙin daji da ke samun mutum ba tare da ya yi niyyar shiga daji ba, kuma a ganina ya fi duk waɗanda muka ambata muni, domin da gudun kwalta ake shigarsa. Tirela ta taho ta cinye hanya, ko wani ya yi aron hannu, ko barci ya ɗan fizge ka, sai ƙafafun dama suka sauka daga titi. A hanyoyinmu da yawa ruwa da manyan motoci sun rarake gefe, bakin kwalta ya zama ɗan dakali. Abin da hannu ke yi da kansa shi ne fizgowa hagu. Gefen taya ya goga da bakin kwaltar ya ƙi hawa, direba ya ƙara karyawa, ya sake ƙarawa. Sai tayar ta kama ta haye a lokaci guda, ƙafafu a karye sosai, motar ta harba ta tsallaka zuwa hannun masu tahowa. Ya firgita ya fizgo dama, baya ya zagayo, sai adungure. Washegari a ce mota ta ƙwace masa, ko a ce taya ce ta fashe, alhali wataƙila a cikin adunguren ta fashe.

Motar da ƙafafunta biyu suka sauka ba ta shiga haɗari ba tukuna, tana iya tafiya haka har ta tsaya lafiya lau. Riƙe sitiyari da hannu biyu, miƙe, ka bi gefen titin yadda yake. Saki totur. In za ka taɓa birki, a hankali. Ɗan matsa dama yadda taya za ta daina gogar bakin kwalta. Sai gudu ya sauko sosai, ka duba madubi ka ga babu mai zuwa, sannan ka karya kaɗan ka hau, kuma da ƙafar gaba ta hau ka miƙe nan take. In dakalin ya yi tsayi, tsayawa cak ta fi. Hukumar kiyaye haɗurra tun 1988 take aiki, makarantun koyon tuƙi sun yawaita, amma ɗalibi yakan karɓi lasin ba a taɓa sa shi ya sauke ƙafa biyu daga kwalta da gangan, a gudun da bai wuce na keke ba, ya ji yadda abin yake a hannunsa ba. Darasin rabin awa ne a bayan gari. Da ni ake tambaya, da babu wanda zai riƙe motar haya a Yobe sai ya yi shi.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane direba lissafin lita yake yi, kuma ba laifinsa ba ne. Amma wanda ke kashe inji a gangare don tsimin mai ya sani famfon fawa da inji yake aiki. Inji ya mutu, sitiyari ya yi tauri, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu ya bi sahu. In kuma makulli ya koma ƙarshe, wasu motocin kulle sitiyarin suke yi gaba ɗaya.

Inda ido ba ya kaiwa, kamar bakin kwazazzabo ko mashigin rafi ko tsakanin duwatsu, sauka ka taka da ƙafarka ka gani, sannan ka sa mutum ɗaya a gaba. Ɗaya tak. Fasinjoji goma kowa yana ihun nasa, wannan na cewa dama wancan na cewa hagu, damar wa? Yaron mota ya tsaya inda kake ganinsa, nesa da inda mota za ta bi in ta zame, ya nuna da hannu, kai kuma ka bi hannunsa ko da idonka yana gaya maka wani abu, don shi ke ganin taya. In ya ɓace maka, tsaya. Yaran da suka daɗe a wannan aiki su ne ke zama direbobin kirki, saboda sun ga abin da ƙafa ke yi daga waje tun kafin su taɓa sitiyari. Ta wannan hanya Potiskum ta daɗe tana yaye direbobinta, kuma abin da ke damuna shi ne sabon mai Hilux da ke ganin ya fi ƙarfin ya saurari yaro.

In an fito kwalta akwai sauran aiki. Hilux da Land Cruiser na aiki, irin waɗanda ake sa wa giyar ƙafa huɗu da hannu, ba su da abin da ke raba gudun gaba da na baya. A kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin nisa. A rairayi bambancin zamewa yake yi ya wuce, a kwalta kuwa taruwa yake a cikin ƙarafa, sai sitiyari ya yi nauyi, mota tana turjewa, taya tana ƙara. Cire giyar tun kafin ka hau. In ta ƙi fita, ɗan yi baya a miƙe, za ta saki. Mai facin farko da ka gani, tsaya ya mayar maka da iskar da ka rage, don taya mai 18 a gudun titi zafi take ɗauka har ta fashe. Sannan ka saurari hannunka. In sitiyari ya karkace alhali mota tana miƙe, ko tana ja gefe ɗaya, ko ya yi lako-lako kafin ƙafa ta amsa, wani abu ya lanƙwashe ko ya saki a ƙasa. A gareji a ɗaga gaban a jak, bakanike ya kama taya ta hagu da dama ya girgiza, sannan ta sama da ƙasa. Motsin farko yawanci na tayarod ne, na biyu na bol-join ko boris, kuma ko wanne aka samu a canza shi kafin kasuwa mai zuwa, kada a ɗaure da roba.